Yadda ake soya ponchki, fanken mutanen Poland mai jam a ciki

Salam 'yan uwa, yau ponchki za mu yi, wannan soyayyen kwaɓin na mutanen Poland da su suke rubuta shi pączki, kuma tun kafin mu shiga kicin bari in gaya miki uwargida duk kayan haɗinsa za ki same su a shagon unguwarku, wuri biyu ne kawai ake tuntuɓe, wajen murza kwaɓin da kuma wajen zafin mai, in kika kama waɗannan biyun toh kin gama da shi.

Idan kin san fanke kin san danginsa, sai dai shi ponchki kwaɓinsa mai jiki ne wanda ake mulmulawa da hannu, an cika shi da gwaiduwar ƙwai da bota da madara, a sa masa jam a tsakiya sannan a shafe samansa da sukari. Kusan duk mutanen Silab, wato 'yan Poland da danginsu na harshe a tsakiya da gabashin Turai, suna da irin nasu, a Rasha akwai ponchiki da pishki, a Yukren pampushki, mutanen Cek su ce koblihi, Sabiyawa krofne, Kuroshiya krafne, amma ni dai a ganina na Poland ya fi su laushi da maiƙo don su ba sa rowar ƙwai ko kaɗan, shi ya sa na ɗauki nasu.

Suna da rana guda a shekara ta cin wannan abu, Tłusty Czwartek, wato Alhamis ta ƙarshe kafin Kiristoci su shiga azuminsu na kwana 40 da ke kaiwa ga Ista, yawanci a watan Fabrairu take faɗowa. Asalin abin shi ne a da in azumin ya kama ba a cin maiƙo da kayan daɗi, sai a tattara kitse da ƙwai da sukarin da suka rage a gida a soye su a cinye kafin azumin ya shigo. Har yau ranar za ki ga layi tun da sanyin safiya a ƙofar gidajen burodi, kamar shagon Blikle da ke titin Nowy Świat a birnin Warsaw wanda aka buɗe tun 1869, kuma suna da camfin cewa wanda bai ci ko ɗaya ba ranar shekarar ba za ta yi masa kyau ba. 'Yan Poland da suka yi ƙaura Amurka, irin na Chicago da Hamtramck kusa da Detroit, su ranar Talatar da ke biyowa suka fi yin nasu. Wani limamin coci mai suna Jędrzej Kitowicz da ya rubuta al'adun ƙasar a ƙarni na 18, zamanin sarki Augustus na 3, ya ce ponchkin mutanen da tauri gare shi har in aka jefi mutum da shi a ido sai idon ya kumbura, amma na zamaninsa in ka matse shi a hannu sai ya dawo yadda yake, iska ma tana iya ɗauke shi daga faranti. Toh wannan na biyun muke nema.

Abu biyu da za mu canza

Gaskiya sai na faɗi wannan don kar ki je ki ga wani girkin nasu ki rikice. A al'adarsu da man alade ake soya ponchki, kuma suna zuba cokali ɗaya ko biyu na barasa mai ƙarfi a cikin kwaɓin, suna cewa tana hana shi shan mai. Mu duk biyun ba namu ba ne. A madadin man alade man gyada mai kyau ya wadatar, ko duk man girkin da ba shi da wari, su kansu yanzu gidaje da yawa da man girki suke soyawa. A madadin barasa kuma sai ki sa farin ruwan khal, wato binega, babban cokali 1, wannan ma ba mu muka ƙirƙiro shi ba, matan can da ba su da barasar a gida da shi suke yi, kuma kar ki ji tsoron tsami, ba za ki ji ɗanɗanonsa ba bayan an soya.

Kayan da za ki tanada

Fulawa giram 500, in babu sikeli kofin awo 4 ke nan ba tare da kin danna ta ba, kuma ki nemi fulawar da masu burodi ke amfani da ita don ta fi danƙo. Madara kofi 1, mililita 250, in ta gari ce ki dama babban cokali 4 a kofi ɗaya na ruwan ɗumi. Yis na gari giram 7, wato ƙaramin cokali 2 da ɗan ƙari. Gwaiduwar ƙwai 6, gwaiduwar kaɗai banda farin. Sukari giram 60, kusan babban cokali 5. Bota giram 60. Gishiri rabin ƙaramin cokali, khal babban cokali 1, bawon lemon zaƙi guda ɗaya da kika goga a abin goga kuɓewa ta ɓangaren ƙananan ramuka, saman bawon kawai za ki goge kar ki kai ga farin don ɗaci gare shi, sai ɗan banila in kina da shi. Man suya kamar lita 1 zuwa 1 da rabi gwargwadon faɗin tukunyarki. Jam kofi 1. Sai garin sukari, wanda ake cewa aysin suga, giram 200, da lemon tsami ɗaya. Wannan awon zai ba ki guda 16 zuwa 18.

Komai ya kasance ba mai sanyi ba dan Allah, ƙwan in a firij yake ki fito da shi tun awa ɗaya kafin ki fara, fulawar ki tankaɗe ta a rariya, botar ki narkar da ita ki ajiye ta huce. Farin ƙwan da ya rage kar ki zubar, ki soya wa yara da albasa da safe.

Tayar da yis

Ki ɗuma madarar, ɗumi kawai wanda in kika sa ɗan yatsa ba za ki ji zafi ba, don madara mai zafi kashe yis take kuma in ya mutu duk wahalar da za ki sha a gaba ta tafi a banza. Ki zuba rabinta a kwano, ki sa yis ɗin da sukari babban cokali 1 da fulawa babban cokali 3 daga cikin wadda kika auna, ki juya ya zama ruwa-ruwa ki rufe ki ajiye minti 10 zuwa 15. Za ki ga ya yi kumfa ya taso yana ƙamshin yis. In minti 20 ya wuce yana nan kwance yadda kika bar shi toh yis ɗin ya lalace, ki sayo sabo, gara ki yi asarar cokali uku na fulawa da ki yi asarar ƙwai shida.

Kafin ya taso sai ki zuba gwaiduwar a wani kwano da sauran sukarin ki yi ta kaɗawa, da na'ura ko da abin kaɗa ƙwai na hannu, har launin ya tashi daga ruwan ɗorawa mai duhu ya koma fari-fari, ya yi kauri, sukarin ya narke ba kya jin tsakuwarsa a tsakanin yatsu. Da na'ura minti 5 ne, da hannu zai kai 10, kuma kar ki tsallake wannan don iskar da kike kaɗawa ciki tana daga cikin abin da ke sa shi ya yi sakayau.

Murza kwaɓin, inda aikin yake

Ki zuba fulawar a babbar roba ki sa gishirin ki juya, ki yi rami a tsakiya ki zuba yis ɗin da ya taso, da ƙwan da kika kaɗa, da sauran madarar, da khal, da bawon lemon da banila. Ki fara juyawa da muciya har fulawar ta jiƙe gaba ɗaya sannan ki sa hannu. Botar ba yanzu ba, ki bar ta tukunna.

Yanzu fa za ki ga kwaɓin yana manne miki a hannu kaca-kaca, zuciyarki za ta ce ki ƙara fulawa, wallahi kar ki ƙara, nan ne mutane da yawa suke ɓata ponchki, kowane cokalin fulawa da kika ƙara tauri kike ƙara masa. Kwaɓin ponchki dama mai laushi ne mai danƙo, murzawa ce ke sa ya daina mannewa. Yadda tsofaffin matan can suke yi shi ne su cusa hannu ƙarƙashin kwaɓin su ɗago shi sama su maka shi a jikin robar, su sake ɗagowa su maka, haka za ki yi ta yi, ki riƙe robar da hannu ɗaya ko ki sa wani ya riƙe miki, kina ɗagowa kina makawa kina juya robar kaɗan-kaɗan. Bayan kamar minti 10 za ki ji ya fara haɗe jikinsa yana jan hannunki, toh a lokacin ne za ki fara zuba narkakkiyar botar, kashi uku za ki raba ta, ki zuba kashi ɗaya ki murza har ta ɓace cikin kwaɓin sannan ki zuba na gaba. Dalilin da ya sa ake jinkirta botar shi ne maiƙo yana lulluɓe fulawa ya hana ta yin danƙon da zai riƙe iska, in danƙon ya riga ya samu sai botar ta shiga ta ƙara masa laushi kawai. Da kin zuba za ki ga kamar kwaɓin ya tsinke yana santsi yana rabuwa, kar hankalinki ya tashi, ci gaba da murzawa zai dawo.

Gaba ɗaya da hannu ki ba shi minti 20 zuwa 25, mai na'urar kwaɓi kuma minti 12 zuwa 15 a matsakaicin gudu. Ga yadda za ki gane ya yi: samansa ya yi sumul yana sheƙi, yana barin jikin robar da kansa, yana saki daga tafin hannunki ya bar shi kusan fes, za ki ga 'yan ƙananan kumfa a ƙarƙashin fatarsa, in kuma kika gutsuro kaɗan kika ja shi a hankali da yatsu zai miƙe ya yi siriri har ki ga haske ta cikinsa bai yage ba. In kin kai minti 25 kuma har yanzu ruwa-ruwa yake ba ya haɗuwa, wataƙila ƙwanki manya ne ko fulawar ba ta shan ruwa, a nan ne kaɗai na yarda ki ƙara babban cokali 1 ko 2, banda fiye da haka.

Ki tattara shi wuri ɗaya ki rufe robar da leda ko tsumma mai tsabta ki ajiye inda iska ba ta kaɗawa har ya ninka girmansa. Agogo ba zai taimake ki sosai ba a nan, lokacin zafi irin na Maris da Afrilu minti 45 ma yana iya isa, da hunturu kuma zai iya cin awa 1 da rabi ko 2 don kwaɓi mai ƙwai da bota nauyi gare shi ba ya saurin tashi. Idonki ne alƙali, ya ninka ko bai ninka ba. Kar ki kai shi tsakiyar rana don ki yi sauri, botar za ta narke ta tsatso kuma ya yi warin tsami.

Jam ɗin da bawon lemo

Jam ɗin da 'yan Poland suka fi ji da shi a ponchki na furen wardi ne, ganyen furen ake niƙawa da sukari, sai kuma powidła, wani jam mai duhu da ake yi da 'ya'yan wani itace mai suna fulam ana dafa shi awanni har ya kafe. Duk biyun abin da ya haɗa su shi ne kauri da ɗan tsami, kuma wannan shi za ki nema, don jam mai ruwa tsiyayewa yake ya jiƙa kwaɓin, mai zaƙi zalla kuma in ya haɗu da sukarin sama sai abin ya gundure ki tun a na farko. Jam ɗin kanti na sitiroberi yana yi, in ya yi ruwa ki ɗora shi a wuta ki ƙara dafa shi minti 5 da ɗan ruwan lemon tsami. Amma wanda na fi so in ba ki shawara shi ne na zoɓo, launinsa da tsaminsa sun dace da wannan kwaɓin ƙwarai: ki wanke zoɓo cikin hannu biyu sosai don yashi, ki dafa shi da ruwa kofi 2 har ya yi laushi tuɓus, ki markaɗa shi da ruwan nasa, ki mayar tukunya da sukari kofi 1 ki yi ta juyawa a ƙaramar wuta har in kika ja muciya a gindin tukunyar hanyar ta tsaya ba ta rufe nan take ba. Ki ɗanɗana, in tsamin ya yi yawa ki ƙara sukari. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki yi amfani da shi.

Bawon lemo mai sukari da ake barbaɗawa a sama ba dole ba ne amma shi ke ba shi wannan ƙamshin na ponchkin Warsaw. Ki feraye bawon lemon zaƙi biyu ki kankare farin ciki, ki yanka ƙanana-ƙanana, ki tafasa ki zubar da ruwan sau biyu don ɗacin ya fita, sannan ki dafa shi da sukari babban cokali 4 da ruwa rabin kofi har ya yi sheƙi ruwan ya kusa ƙafewa.

Mulmulawa

Kwaɓi ya ninka, sai ki barbaɗa fulawa kaɗan a kan tebur ki juye shi ki danna a hankali iskar ta fita. Ki raba shi 16 zuwa 18, mai sikeli giram 55 zuwa 60 kowanne, kuma ki yi ƙoƙari su zo daidai da juna don su soyu lokaci ɗaya.

Hanya biyu ce ta sa jam. Ta gargajiya ita ce kafin suya: ki faɗaɗa gutsuren a tafin hannunki, ki sa ƙaramin cokali 1 na jam a tsakiya, ki tattaro bakin ki matse shi da kyau sannan ki mulmula, kuma ki kula jam kar ya taɓa bakin ko kaɗan don in ya taɓa ba zai manne ba, a cikin mai zai buɗe ya yi ta fallatsa ya baƙanta miki man. Hanya ta biyu a soya shi babu komai sannan a cusa jam ɗin daga baya. In yau ne farkonki ki bi ta biyu, ta fi sauƙi kuma jam ya fi shiga da yawa, in hannunki ya saba sai ki gwada ta farko don jam ɗin da ya dahu tare da kwaɓin wani ɗanɗano ne daban. A wasu gidajen a da har ɗan almon ko gyaɗar turawa guda suke ɓoyewa a cikin ɗaya, wai wanda ya ci karo da ita ya yi sa'a.

Wajen mulmulawar ki ɗora gutsuren a inda babu fulawa a kan teburin, ki kifa tafin hannunki a kansa kamar kin rufe shi, ki yi ta zagayawa da shi har samansa ya ɗame ya yi santsi, ƙullin ya koma ƙasa. Ki jera su a tire da kika barbaɗa wa fulawa, ƙullin a ƙasa, ki bar tazarar yatsu uku tsakaninsu, ki ɗan danna kowanne kaɗan ya yi faɗi don wanda ya yi mulmul sosai juyawa yake yi da kansa a cikin mai. Ki rufe da tsumma mara nauyi ki ba su minti 25 zuwa 40. Wannan tashi na biyu shi ne sirrin farin zoben nan da ake gani a tsakiyar ponchki, wanda su 'yan Poland da shi suke gane mai kyau: in ya tashi sosai ba shi da nauyi, sai ya yi iyo a saman mai, rabi a ciki rabi a waje, tsakiyarsa ba ta taɓa man ba ta kowane ɓangare sai ta fito fara. Ki danna gefen ɗaya da yatsa a hankali, in ramin ya cike nan take bai yi ba tukunna, in ya dawo sannu a hankali ya bar 'yar alama toh ya yi, in kuma ya lotsa bai dawo ba ya wuce, ki yi maza ki soya.

Suyar

Ki ɗora mai tun saura minti 10 su gama tashi. Tukunya mai faɗi mai kaurin gindi, man ya yi zurfi sosai don kar su taɓa ƙasa. Zafin da ake so digiri 170 zuwa 175 ne. In babu ma'aunin zafi ki jefa ɗan gutsuren kwaɓi, ya kamata ya taso nan da nan da ƙananan kumfa a gefensa ya ɗauki kusan minti 1 kafin ya yi ja. In ya nutse ya zauna man bai yi ba, in ya yi ja cikin 'yan daƙiƙu man ya yi zafi da yawa ki sauke tukunyar ya ɗan huce. Ki tuna wannan kwaɓin da sukari da madara da ƙwai a cikinsa, saurin ƙonewa gare shi, in wuta ta yi yawa waje zai yi baƙi ciki na ɗanye, in ta yi kaɗan kuma ya sha mai ya yi nauyi, saboda haka matsakaiciyar wuta kuma hannunki na kan makunnin gas ɗin kina ragewa kina ƙarawa. Mai gawayi ta rage garwashin ta ajiye wani a gefe. Matan can suna jefa ɗan yankin ɗanyen dankalin turawa a cikin man don kar ya yi saurin ƙonewa, in ya yi baƙi su cire su sa wani.

Ki ɗauki kowanne a hankali kar ki matse iskar, ki kakkaɓe fulawar da ke gindinsa don ita ke ƙonewa ta ɓata mai, ki sa shi a man da samansa a ƙasa, wato ki kifa shi. Guda 3 ko 4 kawai a lokaci ɗaya, suna ƙara kumbura a ciki kuma in suka yi yawa man hucewa yake. Minti 2 zuwa 2 da rabi a ɓangare ɗaya, ki juya da tsinke ko cokula biyu, minti 2 a ɗaya ɓangaren. Sau ɗaya tak ake juyawa, kuma kar ki riƙa watsa musu mai a kai, in kika yi haka zoben ya tafi. Wasu suna rufe tukunyar a ɓangaren farko don tururi ya ƙara kumbura su, yana aiki sosai, amma ki ɗaga murfin a kwance ki kai shi gefe don ruwan da ya taru a jikinsa kar ya ɗiga cikin mai, kuma yara su yi nesa da wurin dan Allah.

Na farkon da kika kwashe ki raba shi biyu ki duba cikin kafin ki ci gaba, in akwai danƙo a tsakiya ki rage wuta ki ƙara rabin minti a kowane ɓangare. Ki kwashe da matsami ki sa a kwando ko kan takarda su tsane, kar ki ɗora wani kan wani suna da zafi.

Cusa jam da shafa sukari

Da sun huce yadda za ki iya riƙewa amma da sauran ɗumi, ki huda gefe daidai kan farin zoben da wuƙa siririya ki ɗan motsa ta ciki ki yi wa jam wuri. Ki zuba jam a ledar kwalliyar kek mai dogon baki, ko sabon babban sirinji mara allura, ko kawai leda mai kauri da kika yanke kusurwarta, ki cusa ki matsa har ki ji ya yi nauyi a hannunki jam ɗin ya fara leƙowa. Sai ki dama garin sukarin da ruwan lemon tsami babban cokali 1 da ruwan zafi babban cokali 2 zuwa 3, ya yi kaurin da zai bi cokali a hankali, ki tsoma saman kowanne ki ɗago ki barbaɗa bawon lemon tun bai bushe ba. Da ɗuminsu ake tsomawa, a lokacin ne sukarin ke bazuwa siriri ya bushe ya yi ɓawon da ke fashewa in an ciza. Wadda ba ta son zaƙi da yawa ta bari su huce ta tankaɗa musu garin sukarin kawai.

Ranar da aka soya ake cin ponchki, da shayi mara madara ya fi tafiya. In ya kwana ki rufe shi a roba, kar ki sa a firij don bushewa yake, da safe ki ɗan ɗuma shi.

In man ya rage, ga faworki

A wannan Alhamis ɗin ba ponchki kaɗai suke ci ba, akwai faworki, wani siririn soyayyen kwaɓi mai ƙaras-ƙaras, a Rasha khborost, a Yukren berhuni, shi ba yis ba jiran tashi, kuma tunda man na kan wuta asara ce ki sauke ba ki yi ba. Fulawa giram 250, gwaiduwa 4, kindirmo mai kauri babban cokali 4 a madadin kirim mai tsami da suke sawa, khal babban cokali 1, gishiri kaɗan, babu sukari a ciki. Ki kwaɓa da tauri sannan ki ɗora a tebur ki yi ta dukansa da abin murza fulawa, in ya baje ki ninke ki sake duka, minti 10 zuwa 15, dukan ne ke cusa masa iskar da ke fitowa ƙuraje-ƙuraje a jikinsa in ya shiga mai. Ki naɗe a leda ya huta minti 30, in kina so ki kwaɓa shi tun lokacin da ponchki ke tashin farko. Ki gutsuro kaɗan-kaɗan ki murza siriri iya ƙarfinki har ki fara hango teburin ta cikinsa, sauran yana rufe kar ya bushe, ki yanka tsawon santimita 12 faɗin santimita 3, ki tsaga tsakiyar kowanne ki zura baki ɗaya ta cikin tsagar ki jawo, sai ya murɗe. Ki tace man in akwai ƙonannen gari, ki ɗan ƙara wuta ya kai digiri 180, rabin minti kowane ɓangare ya isa, da ya fara canza launi ki kwashe don in ya yi ja ɗaci yake. Ya huce ki tankaɗa masa garin sukari da yawa, shi kam in kika rufe shi a gwangwani mai murfi yana yin kwanaki bai yi laushi ba.